Sunan da Baba Salihu Bai Taɓa Kira Ba

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe cewa na bar Rifkatu tsaye a ƙofar coci, ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana har wayata ta mutu. Masu zaginta kuma ku ɗan rage, ku ajiye saura, yau za ku buƙace shi. Ni dai tausayi take ba ni, ko da yake da hannunta ta haƙa ramin.

*

Tun daga bakin ƙofa Rifkatu ta jiyo ƙarar jan benci, ta ja ta tsaya. Duk ajin manya na cocin nan, inda take koya wa dattawa karatu da rubutu don su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu, mutum ɗaya ne yake riga malama zuwa.

Baba Salihu ne, mahaifinta.

Yana sunkuye yana goge benci da tsumma, ƙaiƙayin hatsin Babbar Kasuwa bai ma gama kakkaɓewa daga rigarsa ba, basillar da yake ɗinkin buhu da ita tana soke a gefen hula.

Duk ikilisiyar nan ba wanda ya san ubanta ne. Ranar da Yusuf, wanda za ta aura, ya fara kai ta gidansu a Kambarawa, ta ga kujeru, ta ga motoci, mahaifiyarsa ta tambaye ta, "Me babanki yake yi?" sai bakinta ya riga hankalinta. Ta ce hedimasta ne mai ritaya. Da aka fara maganar zuwa gaishe shi, ta ƙara da cewa yana kwance ba lafiya a Kaduna. Ita a lissafinta tsohon yana can ƙauye, ina shi ina Kambarawa? Sai ga 'yan bindiga sun tashi garinsu, ya shigo birni da kaya a buhu, ya samu ɗaki a Ƙofar 'Yandaka, ya kuma ji labarin ajin manya ya kawo kansa.

Ta waiga, ba kowa. Ta durƙusa da sauri.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau, Malama. Ya aiki?"

Bai ɗago ba. Dama ba ya ɗagowa. Ita ce 'yarsa ta fari, a garinsu kuwa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma yarda a ga yana kallonsa. Tun tasowarta "yarinyar nan" ce, ko "waccan". Ranar da kunama ta harbe ta tana ƙarama, a kafaɗa ya ɗauke ta da gudu har ɗakin shan magani, amma da ma'aikaciyar ta ce yaya sunanta, sai ya koma waje ya kira maƙwabcinsa ya zo ya faɗa. Yanzu da ta zama malama ya samu sauƙi, ya bi sahun sauran ɗalibai.

"Baba, da ma yau ka koma ka huta. Na ga ka gaji."

"Hutu? Alhaji Lawwali da kanshi ya ce in aje buhunnan in tahi kar in makara. Wai in na iya karatu ni zan riƙa karanta mishi saƙon waya, tunda yaranshi sun raina shi." Ya yi dariya. "Kuma yau ba ita ce ranar suna ba?"

Ita ce kuwa, abin da ya hana ta cin abincin rana ke nan. Al'adar ajin ce, a zama na ƙarshe kafin a yaye su a gaban ikilisiya ranar Lahadi, kowane ɗalibi zai fita allo ya rubuta da hannunsa sunan mutum guda da yake ransa, sai aji duka a yi wa mai sunan addu'a.

"Sunan wa za ka rubuta?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

Ya ci gaba da goge bencin da ya riga ya goge.

"Kin san mi ya kawo ni ajin ga?"

"Karatu mana, Baba."

"Karatu da hurhura? Ni da na kusa ganin Mai Littahin da kanshi?" Ya girgiza kai. "Akwai wani suna da bakina ba ya iya kira. Ni na zaɓe shi, ni na raɗa wa Fasto a kunne ranar suna, tun daga nan ban sake ba. To da na ji ana koya wa tsofaffi rubutu, sai na ce ai hannu ba ya jin kunya."

Rifkatu ta dafa benci.

"Tun damina nike koyonshi," ya ce. "Bayan rumhwar Alhaji, da basilla, a ƙasa. In na rubuta sai in share da ƙahwa kar wani ya gani. Yanzu ko ido ruhe ina iyawa."

"Baba, don Allah kar ka rubuta."

"Don mi?"

"Ni kaɗai ce mai sunan nan a cocin nan."

"Ai shi ya sa."

"Akwai baƙuwa yau. Shugabar Zumuntar Mata za ta zo ganin aji." Ta kalli ƙofa. "Maman Yusuf."

Sai a lokacin ya saki tsumman. Fuskarsa ta washe har giɓinsa ya fito.

"Uwar yaron? To ai gara haka! In gan ta ko daga nesa. Tun yaushe nike zuba ido su aiko gaisuwa, na ce ƙila mutanen birni ne, sai sun shirya." Ya hau kakkaɓe rigarsa. "Da kin hwaɗa mani jiya da na sa ta Lahadi."

"Baba, ka ji ni..."

"Na ji ki. Kunya ce, na sani." Ya sassauta murya. "Kina tsammani ban lura ba? Tun da na shigo ajin ga ba ki taɓa nuna ni ga kowa ba. Ba ki taɓa tsayawa kusa da bencina ba. Ko a sujada kika hango ni sai ki sauya ƙohwa. Na ce Allah na gode maka, birni bai cinye mata tarbiyya ba. Haka uwarki take, Allah ya jiƙanta, ko tuwo ba ta ci gaban ubanta."

Jama'a, da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Gudun da take yi masa na tsawon watanni, ashe shi ya ɗauka ladabi ne, har godiya yake yi wa Allah a kai. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ba irin wadda yake yabo ba, irin wadda mutum yake ji ya tsani kansa. Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, wallahi ta buɗe, sai ga sallamar Iya Ladi mai ƙosai daga bakin ƙofa.

Rifkatu ta miƙe zumbur kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

"Malama, kin riga mu! Kai kuma ɗan gaban goshi, ko a nan kake kwana?"

"Ke dai zo ki zamna, Ladi, kin cika surutu," in ji Baba Salihu, ya koma bencinsa na can baya.

*

Ana idar da sallar la'asar a masallacin bayan coci aji ya cika. Kowa ya sha kwalliya, Istifanus direba har da hular da bai taɓa sawa ba.

Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, sannan Mama Asabe, mahaifiyar Yusuf, cikin zanin Zumuntar Mata, tabarau a rataye a ƙirji. Mace ce mai kirki, kar ku ce ban faɗa ba, sai dai idan ta fara magana ba ta san waƙafi ba.

"Salama a gare ku!"

"Salama, Mama!"

"Ina wuninku? Ina gajiya? Ya karatu? Ya iyali? Madalla. Ɗiyata, ya ƙoƙari?"

Rifkatu ta durƙusa har ƙasa. "Lafiya lau, Mama. Sannu da zuwa."

Ta gefen ido ta hango Baba Salihu yana leƙen matar, yana gyaɗa kai shi kaɗai kamar mai duba saniya a kara ya ga ta yi masa.

Aka yi waƙa, aka buɗe da addu'a, aka fara fita allo.

Iya Ladi ta rubuta sunan jikanta da ke soja, harafin ƙarshe ya gangaro kamar zai faɗo ƙasa, aka tafa mata, aka yi addu'a. Istifanus ya rubuta sunan matarsa, ya juyo ya ce, "A roƙa mata sanyin baki," aji ya kwashe da dariya. Haka aka yi ta bi benci benci. Rifkatu tana tsaye gefen allo da alli a hannu, tana roƙon Allah a ranta ko ruwan sama ne ya sauko a watse.

Ba ruwa, ba hadari. Layi ya kai bencin baya.

Baba Salihu ya miƙe, ya gyara hula. Ya tako a hankali har gabanta, ya miƙa hannu biyu ya karɓi alli ba tare da ya kalle ta ba. Ta ɗan riƙe allin, ko zai gane. Ya zare shi a hankali, yana murmushi.

Ya fuskanci allo. Ya ja harafin farko, babba, a tsanake, harshensa a tsakanin haƙora.

R.

Ya ja da baya ya duba, ya matso.

I.

Shirun ya yi wa Mama Asabe yawa.

"Kun ga aiki ko?" ta ce wa aji. "Dubi dattijo kamar wannan, hannun da ya saba da fartanya, yau ga shi da alli. Wannan duk ƙoƙarin malamarku ne. Ai ba a banza ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko ba ta faɗa muku ba? Kunya gare ta. Malamarku ɗiyar hedimasta ce!"

"Allah sarki!" in ji Iya Ladi. "Shi ya sa!"

Allin yana tsakiyar harafi na uku, ya tsaya.

"Shekara da shekaru yana riƙe da makaranta kafin ya yi ritaya," Mama ta ci gaba. "Yanzu haka yana kwance a Kaduna, ciwo ya ci ƙarfinsa, ko baƙi likita ya hana ya gani. Shi ya sa har yau ba mu je gaisuwa ba. Da ƙyar ma in zai samu zuwa biki, kawunta ne zai ba da ita. Ko ba haka kika ce ba, ɗiyata?"

Duk aji ya juyo.

Rifkatu ta kalli bayan mahaifinta. Riga ce da ita ta saya masa bara, kafaɗar ta ƙoƙe saboda ɗaukar buhu. Bai juyo ba. Jira yake yi.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da gidan Kambarawa, kalma ɗaya ce tsakaninta da tsohon nan. Ta zaɓa.

"Haka ne, Mama."

Allin ya karye gida biyu, rabi ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin tebur.

Ba wanda ya kula, alli ai yana karyewa. Baba Salihu ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga hannun rigarsa ya goge abin da ya rubuta, ya goge, ya sake gogewa.

"A'a, Baba, ya ka share?" in ji Mama.

"Na mance sauran."

"Ba komai, tsufa ne. Yaya sunanka?"

"Salihu."

Mama Asabe ta tafa hannu. "Ikon Allah! Takwaran surukina! Ɗiyata, ba Salihu ne sunan babanki ba? Kun ga yadda Ubangiji yake tsara abinsa? To Baba, ka iya rubuta sunanka ai?"

"Na iya."

"Rubuta shi. Ya zama sunan hedimasta ke nan a allo. Kuma kai za ka yi mana addu'a dominsa, bakin takwara ya fi kaifi."

"Mama," Rifkatu ta yi wuf, "bari ni in yi..."

"Ke kullum kina yi. Bar dattijo ya samu albarka."

Da guntun allin da ya rage a hannunsa ya rubuta SALIHU, tsaf, ba gargada. Ya ajiye guntun a kan tebur, ba a hannunta ba. Ya cire hula, ya zare basillar ya sa a aljihu, ya riƙe hular a ƙirji.

"Mu yi addu'a."

Kawuna suka sunkuya. Rifkatu ta rufe ido, ta kasa, ta buɗe.

"Ya Ubangiji," ya fara, muryarsa a kwance. "Kai ka san hedimasta, mu ba mu san shi ba. Kai ka san ciwon da ke damunshi, ka san ranar da ya kama shi, ka san inda ya kama shi."

"Amin," in ji aji.

"Ka ba shi haƙuri. Tsoho ne, ƙila bai san shina da ciwon ba sai da aka hwaɗa mishi."

"Amin."

"Kar ka bari ciwon ga ya tare wa ɗiyarshi hanya. Gidan da ta gani ta ce shi take so, ka shigar da ita lahiya, ka zaunar da ita lahiya. In uban ba zai iya zuwa biki ba, ka sa ya yarda da haka, kar ya riƙe ta a zuciya. Ta sha wahala tana ƙarama, kai shaida ne."

"Amin, Baba!" Mama Asabe har da ɗaga hannu. Ba ta tsaya ta tambayi kanta ina ya san haka ba.

Ya dakata har Istifanus ya buɗe ido ɗaya. Rifkatu tana ganin yatsunsa suna murɗa hular.

"Ka albarkaci malamarmu," ya ce.

Ya ja numfashi.

"Malama Rifkatu."

Rifkatu ta dafa allo.

"Ka albarkaci Rifkatu, ɗiyar hedimasta. Ka sa Rifkatu ta ga alheri a gidan mijinta. Cikin sunan Yesu."

"Amin!"

Tun da ta yi wayo take mafarkin ranar da za ta ji sunan nan daga bakinsa. Tana ƙarama har laɓewa take yi a bayan rumbu, ko zai neme ta ya rasa ya kira. Bai taɓa ba. Kowa a duniya yana iya kiran Rifkatu, mai shago da ɗan acaɓa da baƙon da ya gan ta yau, uba ne kaɗai ba ya iyawa. Yau ya kira, ya maimaita, a gaban jama'a, tsaf kamar kowa. Ta ce shi ba ubanta ba ne, shi kuma ya karɓa.

Ya mayar da hularsa.

"A gafarce ni, Mama. Akwai buhun da na bari a buɗe."

"Haba Baba, ka tsaya a sha lemo mana, na zo da shi."

"Na gode. Allah ya bar zumunci." Ya ɗan rusuna mata. Ya juyo wajen Rifkatu, ya kalle ta cikin ido, abin da shi ma bai taɓa yi ba. "Sai an jima, Malama Rifkatu."

Ya kama hanyar ƙofa.

Ba ta san lokacin da ta bar gefen allo ba. Ta ture benci, takalminta ɗaya ya fita, ta cim masa a bakin ƙofa ta zube ƙasa ta kama gefen rigarsa da hannu biyu.

"Baba! Baba, kar ka sake kira! Don Allah kar ka sake!"

Kukan da ya ƙwace mata ba na malama ba ne.

"Subhanallahi," in ji Iya Ladi, mamaki ya sa ta ari salatin maƙwabtanta.

"Tashi," Baba Salihu ya ce ƙasa ƙasa, yana ƙoƙarin zare rigarsa. "Tashi, mutane na kallo. Kar ki ɓata abinki."

Ta ƙi saki.

Mama Asabe ta miƙe a hankali. Ta kalli yarinyar da ke ƙasa, ta kalli tsohon. Ta ɗauki tabaraunta ta sa, ta juya wajen allo. Hannun riga ba ya goge alli tas. A ƙarƙashin SALIHU, inuwar haruffan farko tana nan, biyu cikakku da rabin na uku.

Ta daɗe tana kallo. Ita ma fa 'yar ƙauye ce kafin ta zama matar Kambarawa, ta san wane suna ne tsoho yake zuwa makaranta don ya rubuta saboda bakinsa ba ya iya faɗa.

Da ta juyo, fara'ar nan duk ta tafi.

"Rifkatu. Ɗago ki dube ni. Dattijon nan, wane ne shi a wurinki?"

Baba Salihu ya yi saurin shiga tsakani. "Mama, ɗalibinta ne kawai, tausayi gare ta, ta tuna da..."

"Ba kai na tambaya ba, Baba."

Ta cire tabarau, ta nuna Rifkatu da shi.

"Ita na tambaya."